Labaran Kisa Da Auren Dole: Abin Da Matasan Gezira Za Su Tsinta A Ciki

A labarin bincike irin na Turawa, tambaya ɗaya ce ke hana mai karatu ajiye littafi: wa ya yi kisan? Amma a labaran da suka fito daga ƙasar Hausa da Sudan, sau da yawa an san wanda ya riƙe wuƙar. Abin da ake tonowa shi ne waɗanda suka kai shi ga haka, da waɗanda suka gani suka ja bakinsu suka yi shiru.

Wannan batu ya shafi matasan Hausawa na Wad Madani da ƙauyukan Gezira har zuwa Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A gida suna jin Hausa, a makaranta suna karatu da Larabci, don haka taskoki biyu ke gabansu.

A Larabci akwai Mausim al-Hijra ila al-Shamal na Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966. A cikinsa an tilasta wa Husna bint Mahmud, wadda mijinta ya ɓace ya bar ta da 'ya'ya biyu, auren dattijo Wad Rayyis. Ta faɗa tun farko cewa in aka matsa mata za ta kashe shi ta kashe kanta, ba wanda ya saurare ta. Da abin ya auku, sai ƙauyen ya binne gawawwakin ya binne maganar, har sai da mai ba da labarin ya dawo daga Khartoum ya yi ta bin diddigi kafin wata tsohuwa ta buɗe masa baki.

A Hausa kuwa, Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Tauraruwar littafin, Abu, an ba da ita ga Sarkin Noma, wanda ya isa ya haife ta. Ta sha azaba, amma ba ta ɗauki makami ba. Gudu ta yi, ta koma karatu, ta zama mutum. Littattafan biyu sun taso daga ƙofa ɗaya, sai dai Abu ta sami wanda ya karɓe ta, Husna ba ta samu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙirƙirar marubuta ce kawai. A watan Mayun 2018 wata kotu a Omdurman ta yanke wa Nura Husaini, mai shekara 19, hukuncin kisa saboda ta daɓa wa mijin da aka tilasta mata wuƙa, bayan ya yi mata fyaɗe da taimakon danginsa. Kafin nan ta gudu wurin gwaggonta a Sennar, kusa da Mai Wurno, ta yi shekara uku. Bayan ƙorafi daga ƙasashe da dama, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara biyar da biyan diyya a watan Yuni. A Gezawa ta jihar Kano ma, a 2014 an gurfanar da wata yarinya mai shekara 14 bisa zargin sa wa mijinta guba, aka janye ƙarar a 2015.

Amfanin irin waɗannan labarai ga matashi shi ne suna koya masa gane alamu tun wuri: kishi mai hana mutum zumunci, barazana, duka da ake biyo shi da ban haƙuri, da iyayen da amsarsu kullum ita ce "ki yi haƙuri". Kisan yakan zo ne a shafin ƙarshe, amma an shuka shi tun shafin farko.

Wad Madani ta kasance a hannun dakarun RSF daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, kuma inda yaƙi ya talauta gida, aurar da yarinya da wuri kan zama kamar mafita. Marubutanmu matasa suna da labari a ƙofar gidansu. Iyaye kuma, maimakon ƙwace littafi daga hannun 'ya, gara su zauna su tambaye ta abin da ta karanta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.