Daga Wad Haddad Zuwa Jibiya: Wa Zai Tambayi Banki Idan Ya Riƙe Mana Kuɗi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai cinikinsa banki, ya koma neman abinsa aka ce masa babu takardun kuɗi, ya san abin da za mu yi magana a kai yau. Kuɗin naka ne, ga shi nan rubuce a takarda ko a cikin waya, amma ko mudun gero ba za ka iya saye da shi ba. Wannan ya same mu a Jibiya da Illela da Maigatari a farkon shekarar 2023, ya sami 'yan'uwanmu na Maraɗi da Ƙonni a ƙarshen wannan shekarar, ya kuma sami Hausawan Sudan a 2018 da kuma 2024. Abin da muke son mai karatu ya duba tare da mu shi ne, idan haka ta faru, wa ke da ikon kiran masu banki ya tsare su da tambayoyi a bainar jama'a?

Bari mu fara da Wad Haddad, wani gari a jihar Jazira ta ƙasar Sudan, a kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta nufi Sinnar, kusa da gaɓar Shuɗin Kogin Nilu. Daga wannan yanki har zuwa Damazin akwai ƙauyuka da unguwannin Hausawa masu yawa. Wasu jikokin alhazai ne da suka bi hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na ci gaba da tafiya, zama ya kama su. Wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, Hausawa na cikin waɗanda suka fi zuba gumi a gonakin. Har yau noma da su da ƙananan kasuwanci su ne sana'o'insu: dawa, gyaɗa, albasa, riɗi da kifi.

Tsakanin waɗannan mutane da banki ba a taɓa shan inuwa ɗaya sosai ba. Ƙaramin manomi ya fi sanin abin da suke kira shail, wato irin ba-da-kaka ɗinmu, inda attajiri zai ba ka kuɗi da damina, ka biya shi da buhuna a farashin da ya yanka maka. Da aka mayar da bankunan Sudan kan tsarin Musulunci, tun daga kafa bankin Faisal a 1977 har zuwa lokacin da tsarin ya game ƙasar, sai aka shigo da cinikin salam, wato banki ya sayi amfanin gonarka tun kafin girbi. A shari'a cinikin halal ne, amma a aikace, a shekarun 1990 da farashin kaya ke hawa kullum, manoma da dama sun kasa cika alkawari, aka riƙa tsare su a gidan yari har sai sun biya. Bugu da ƙari, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya yanke bankunan ƙasar daga sauran duniya, ya sa fatake suka dogara ga aika kuɗi ta hannun amintattu, kamar yadda mu ma muka saba tsakanin Kano da Maraɗi.

A 2018 ne tura ta kai bango. Babban bankin Sudan ya taƙaita takardun kuɗin da ke fita, da nufin hana fam ɗin ƙasar faɗuwa a kasuwar bayan fage. Mutane suka riƙa kwana a layin injin cire kuɗi, mai kaya ya ƙi karɓar cek sai da ragi mai yawa, wanda ya sami takardun kuɗi kuma ya ɓoye su a gida, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A lokacin akwai majalisar dokoki a Omdurman, amma jam'iyyar Shugaba Umar al-Bashir ce ke juya ta. A farkon watan Disamba na shekarar, lokacin da talakawa ke layin burodi da man fetur da kuɗi, mafi rinjayen 'yan majalisar sun sa hannu ne a kan takardar neman gyara tsarin mulki domin al-Bashir ya sake tsayawa takara. Ranar 19 ga watan zanga-zanga ta ɓarke a Atbara, ranar 11 ga Afrilun 2019 kuma soja suka tuɓe shi, suka rushe majalisar.

Yarjejeniyar da soja da farar hula suka sa wa hannu a watan Agustan 2019 ta tanadi kafa majalisar riƙon ƙwarya mai wakilai har 300, amma ba a kafa ta ba. Aka yi juyin mulki a watan Oktoban 2021, yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF. Aka wawashe rassan bankuna a Khartum, sannan da RSF ta kama Wad Madani a watan Disamban 2023, wutar ta iso ƙauyukan Jazira, hanyar da Wad Haddad ke kanta ta zama fagen daga. Abin da ya rage wa jama'a shi ne Bankak, manhajar waya ta Bankin Khartum, wadda 'yan'uwa da ke Saudiyya da sauran ƙasashe ke turo da taimako ta cikinta. Ita ma sai ga shi a watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet sun ɗauke a kusan duk ƙasar, kuɗin da ke cikin waya ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mai neman takardun kuɗi kuwa dole ya bar wani kaso ga mai canza masa.

Ana cikin wannan hali ne, ranar 10 ga Disamban 2024, hukumomin da ke Fot Sudan suka fara canjin manyan takardun kuɗi a jihohin da ke hannun soja. Dalilin da suka bayar shi ne a kashe darajar kuɗin da aka sace da kuma na jabu, kuma ba wanda zai ce wannan ba dalili ba ne. Amma sharaɗin shi ne ba hannu da hannu ba, sai ka zuba tsohon kuɗinka a asusun banki, sannan a riƙa ba ka abin da bai wuce fam 200,000 ba a rana. RSF ta haramta sabon kuɗin a yankunanta. Jazira ba ta cikin zagayen farko, domin sai ranar 11 ga Janairun 2025 soja suka ƙwato Wad Madani. To, manomin da ya gudu daga ƙauyensa da ɗan abin da ya rage masa a aljihu, ba shi da asusu, wataƙila takardar shaidarsa ta ƙone, ina zai nufa? Kuma sanannen abu ne cewa Hausawan Sudan sun daɗe suna shan wahala wajen samun takardun zama ɗan ƙasa, waɗanda sai da su ake buɗe asusu. Reshe nawa ke aiki? Takardun kuɗi nawa aka buga? Me aka tanadar wa wanda yaƙi ya rutsa da shi? Waɗannan tambayoyi ne da wakilin jama'a ya kamata ya yi, amma babu zauren da za a yi su.

Idan mai karatu bai manta ba, mu ma mun ɗanɗani irin wannan a Nijeriya. Ranar 26 ga Oktoban 2022, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yana cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023. A watan Disamba kuma aka ce mutum ba zai cire fiye da naira 100,000 a mako ba, abin da ko rago biyu na kirki ba zai saya ba a kasuwar Maigatari. Majalisun Dattawa da Wakilai suka yi caa, kafin watan ya ƙare aka ɗaga adadin zuwa naira 500,000 ga mutum ɗaya, miliyan 5 ga kamfani.

Da wa'adi ya matso, sabon kuɗi kuma babu shi, Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa, ta gayyaci gwamnan bankin. Da ya ƙi zuwa, Kakakin Majalisa Femi Gbajabiamila ya yi barazanar ba da sammacin kama shi, bisa ikon da sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 suka ba majalisa. Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, ranar 31 ga Janairu kuma Emefiele ya bayyana gaban kwamitin, inda ya amsa cewa ko bayan wa'adi tsohon kuɗi ba zai zama asara ga mai shi ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, majalisa ba ta kawo ƙarshen wahalar ba. Zaɓe na tafe ranar 25 ga Fabrairu, kuma kowa ya san wasu masu ɗaga muryar suna da tasu buƙatar ga takardun kuɗi. Mu dai a kasuwannin kan iyaka mun ga yadda aka riƙa sayen naira da naira, aka karyar da dabbobi, wasu suka koma ciniki da sefa. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, sannan aka fara samun sauƙi. Duk da haka, a kwatanta da 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake launin naira, ta rufe iyakoki, fataken Maraɗi da Ƙonni suka wayi gari da buhunan takardun da ba su da amfani, kuma ba wanda ya isa ya ce uffan. Haka nan a Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya rushe majalisa, takunkumin ECOWAS ya jawo ƙarancin kuɗi a bankuna, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi, mai ajiya ba shi da wakilin da zai kai wa kuka.

A wasu ƙasashen binciken majalisa kan wuce maganar ƙarancin kuɗi, ya shiga halayyar masu bankin kansu. A Ingila, a watan Yunin 2012, an ci bankin Barclays tarar fam miliyan 290 saboda maguɗi a ma'aunin kuɗin ruwan da bankuna ke ba juna bashi a kai. Shugabansa Bob Diamond ya sauka, washegari kuma ya zauna gaban 'yan majalisa yana amsa tambayoyi, jama'a na kallo a talabijin. Daga nan aka kafa kwamitin majalisun biyu a ƙarƙashin Andrew Tyrie, wanda rahotonsa na Yunin 2013 ya kai ga dokar da ta tanadi ɗauri ga babban jami'in da ya jefa bankinsa cikin halaka da ganganci. Abin lura a nan shi ne, an ɗora alhaki a wuyan mutum mai suna, ba a bar shi a wuyan ginin banki ba.

Wani darasin da Jazira ta koya mana shi ne, ba a raba maganar banki da maganar wuta da layin waya da hanya. Gwamnatin da ta ce a daina riƙe takardun kuɗi, ita ke da alhakin tabbatar da cewa waya na kamawa a kasuwar ƙauye, akwai reshe ko wakilin banki a kusa, kuma samun katin shaida bai zama sai wane da wane ba. Saboda haka idan 'yan majalisa za su gayyaci Babban Banki, ya kamata su haɗa da kamfanonin waya da na lantarki da hukumar katin ɗan ƙasa, a ji ta bakin kowa a zama ɗaya.

Mu kuma 'yan kasuwa akwai namu aikin. Ƙungiyoyinmu na masu hatsi da dabbobi da canji suna da damar rubuta koke zuwa majalisa ta hannun wakilin mazaɓa, su kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a. A riƙa ajiye rasit da saƙon waya na duk kuɗin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba, ko aka tura bai isa ba. A fara kai ƙara ga bankin a rubuce, in bai warware ba a wuce sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Bankin Nijeriya. A kuma sani cewa a 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa naira miliyan 5, kuma a watan Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage. Don haka mai jari mai kauri kada ya tara shi wuri ɗaya.

Majalisa ba waliyyiya ba ce, mun sha ganin binciken da aka fara da ƙarfi ya ƙare a aljihun tebur. Amma 'yan'uwanmu na Wad Haddad da Mai Wurno sun ga yadda rayuwa take idan babu ita sam. Tun da mu muna da wakilai, mu riƙa tambayarsu tun kafin wani canjin kuɗin ya zo, domin tun ran gini ran zane.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.