Ɗaukar hoton tulu

Garin Mirriya yana gabas da Damagaram. Maginan tukwane na can sun yi suna wajen gina tuluna da randuna da kayan ado na yumɓu. Amma abin yumɓu ba ya wuyar fashewa. In tulu ya fashe, hotonsa ne zai nuna wa na baya aikin magini.

Ko mai koyo yana iya ɗaukar hoto mai kyau, ko da salula ce a hannunsa. Babban abu shi ne haske.

Da farko ya aje tebur cikin ɗaki, kusa da taga. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗaga shi ta baya don ya ɓoye bango. Sa'an nan ya goge tulu, ya aza shi a tsakiya.

Hasken taga ya zo daga gefe. Ta haka zanen tulu yake fita sarai, kowane layi da ƴar inuwarsa. In ɗaya gefen ya yi duhu, sai ya tsai da farar takarda a wajen, ta maido haske. Kada ya kai tulu cikin ranar tsaka, don inuwarta baƙa ce ƙirin.

Daga ƙarshe ya duƙa daidai cikin tulu, ya dafa gwiwar hannu bisa tebur don kada hoto ya girgiza, ya ɗauka.

Tambayoyi
1. Don mi ake aje tebur kusa da taga?
2. Mine ne amfanin farar takarda?