Malamin Gona: Aikin da Ƙasar Gamu Take Bukata

Ƴan'uwa manoma, a ƙasar Gamu, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, damina gajera ce. Gero da dawa da wake su ne abincinmu. Rairayi yana cin gonaki, ƙasa ta gaji, tsutsa tana jiran zangarniya. Tsofaffi ba su manta da farin 1984 ba. Matasa kuma sun ji labarin farar ɗango ta 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005. A irin wannan ƙasa, ƙarfin damtse kaɗai ba ya cika rumbu. Sai an haɗa da sani. Mai kawo wannan sani har bakin gona shi ne malamin gona.

Mene ne aikinsa?

Malamin gona mai ba manoma shawara ne. Yana zagaya ƙauyuka, yana duba shuka, yana sauraron koken manomi. Ga kaɗan daga abin da yake koyarwa.

Na ɗaya, zaɓen iri. Akwai gero mai saurin nuna, kamar HKP, wanda yake kai wa girbi cikin wajen wata 3. Akwai kuma Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018. Ya fi HKP sauri, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini ga mata da yara. Inda ruwa yake ɗaukewa da wuri, irin nan yana ceton iyali.

Na biyu, sa taki da awo. Maimakon watsa taki a duk faɗin gona, sai a sa giram 6 na takin NPK, ko giram 2 na DAP, a kowane ramin shuka. Takin yana zama kusa da saiwa. Kuɗi kaɗan, amfani mai yawa.

Na uku, yaƙi da murzuna, tsutsar da take cin zangarniyar gero. Masana na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, sun nuna cewa akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai yin ƙwai a jikin tsutsar, ƴaƴansa su cinye ta. Ana kiwonsa cikin ƴan jakunkuna, a rataye su a gonaki lokacin da gero ya fara fitar da kai. Ba a bukatar guba.

Na huɗu, gyaran ƙasa. Yana koyar da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa kamar gawo su girma cikin gona. Wannan dabara ta bunƙasa a jihar Maraɗi tun wajen 1984. Yana nuna yadda ake haƙa tassa da rabin wata don tare ruwan sama, da yadda ake kafa shingen kalumbo don tsayar da tudun rairayi.

Noma da lafiya

Aikin malamin gona ya shafi lafiyar gida. Shi ne yake gargaɗi cewa maganin ƙwari guba ne. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya wanke jiki da sabulu in ya gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin da aka ɗebe magani. Don ajiyar wake kuwa, akwai buhun PICS mai riɓi 3. In an ɗaure shi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu. Iyali su ci wakensu ba tare da fargaba ba. Rigakafi ya fi magani.

Yaya ake zama malamin gona?

Hanyar tana farawa daga makarantar ƙauye. Yaro ko yarinya ya gama firamare, ya shiga kwaleji, ya sami takardar BEPC. Daga nan yana iya yin jarrabawar shiga makarantar koyon ayyukan karkara ta IPDR da ke Kollo, kusa da Yamai. Wanda ya ci gaba har ya sami bak yana iya karatun noma a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. In ya gama, yana iya aiki a ma'aikatar gona, ko a ƙungiyar manoma, ko ya buɗe shagon iri da taki yana ba da shawara.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Dole ya kasance mai haƙuri da gaskiya. Ya ji harshen mutanen da yake yi wa aiki, ko Hausa, ko Barbarci, ko Fulatanci. Ya girmama sanin tsofaffi, domin sun fi shi sanin halin gonarsu. Kada ya ce a yarda da maganarsa kawai. Ya ware ɗan fili a yi gwaji, a gwada sabuwar dabara gefen tsohuwa. Gani ya kori ji.

Ku ma kuna da rabo

Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci, wannan magana ta shafe ku. Malamin gona ɗaya ba ya iya zagaye ƙauyuka masu yawa a damina guda. Yana bukatar mataimaki a kowane gari. Wanda ya iya karatu da rubutu zai rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da ya ga tsutsa, da yawan damman da aka samu. Zai riƙe littafin ƙungiya. Da wannan rubutu ake gane abin da ya yi kyau da abin da za a gyara baɗi.

Iyaye, mu bar yara a makaranta, maza da mata. Mace malamar gona ta fi samun shiga gidaje, ta yi magana da mata masu noman gamana da kiwon awaki. Ɗan ƙasa da ya yi karatu ya dawo gida ya san rairayin Gamu, ya san mutanenta, kuma maganarsa ta fi shiga kunne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.