Mai Shifta da Mai Zayyana a Cikin Kwamfuta

Sau da yawa akan ga saurayi ya yi wata da watanni yana tarin kuɗi, ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis 'yar gwanjo mai furosesa Core i5-2400, wadda kamfanin Intel ya fitar tun 2011, sa'an nan ya cusa mata katin hoto RTX 4070 na 2023, in ma wutar akwatin ta iya ɗaukarsa, yana kyautata zaton wasanninsa za su riƙa tafiya sumul, amma da ya kunna sai ya tarar hoto yana cijewa, har ya soma zargin mai shago da ha'inci, alhali kuwa katin lafiyarsa lau, zaman jira ne ya yi masa yawa.

Asalin mas'alar shi ne, kowane hoto da ke bayyana a allo aikin ma'aikata biyu ne. Furosesa ita ke lissafa inda ƙwallo ta faɗa da inda kowane ɗan wasa ya dosa, ta yi shiftar umarni, kati kuwa shi ne mai zayyana, kuma komai gwanintar hannunsa ba ya zana abin da ba a shifta masa ba. Idan ana bukatar hoto 60 a daƙiƙa, wa'adin kowane ɗaya bai cika kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, in kuwa 144 ake nema, wa'adin ya koma kimanin kashi 7.

Abin da galibi ake gafala da shi, wanda a ganina shi ne mizanin al'amarin duka, yawan ɗigon allon da za a zayyana ne, domin allo mai 1080p ɗigo 2,073,600 gare shi, na 4K kuwa 8,294,400, wato ninki huɗu daidai, ga shi shiftar ba ta ƙaru da wani abin kirki ba, saboda haka furosesar da ta gaza ciyar da kati a allo mai 1080p tana iya wadatar da shi a na 4K. Wanda duk ya ce maka furosesa kaza ita ce abokiyar kati kaza, bai tambaye ka allonka da irin wasanka ba, ya yi fatawa ba da sanin mas'ala ba.

Hujja kuwa tana kusa. Buɗe Task Manager a Windows ana tsakiyar wasa, ka dubi kati: in aikinsa ya haura kashi 95 cikin 100, madalla, kuɗinka na aiki, in yana rarrafe wajen 60 ga hoto na cijewa, to, a binciki furosesa. Kada adadin da ita furosesar ta nuna ya ruɗe ka, don tana iya nuna 40 alhali cibiya ɗaya daga cikin cibiyoyinta ta cika maƙil, saura suna hamma. In shakka ta rage, sauko da allon zuwa 720p, ka ƙirga hotunan: in ba su ƙaru ba, mai shifta ne ya gaza.