Man masoro: Amfaninsa da inda hatsarinsa yake

A Nasko, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, masoro tsohon abokin citta da kanumfari ne a yaji da kunu. Sai dai man da ake tatsowa daga ƙwayarsa da tururi ba na tukunya ba ne.

Ana shafa shi domin sassauta ciwon jiki, amma sai an gauraya ɗigo biyu kacal da ƙaramin cokali na man kwakwa, domin zallarsa na iya ƙona fata. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1994 ya gano cewa shaƙar tururinsa na rage ƙwaɗayin taba sigari.

Ba a shan sa, kuma wajibi ne a nisanta shi daga ido da hannun yara.