Kwamfutar da Ta Kasa Tashi a Duniyar Mars

Ranar 21 ga Janairun 2004, motar binciken hukumar NASA mai suna Spirit ta yi ɗif. Ko mako uku ba ta cika ba da sauka a kwarin Gusev na duniyar Mars, tana ma shirin goge wani dutse da aka laƙaba wa suna Adirondack. Da farko an ɗora laifin a kan hadarin da ya haɗu a Ostareliya, inda tashar aika sigina take kusa da Canberra. Hadari ya wuce, Spirit ba ta dawo daidai ba.

A cikinta akwai wata ƙaramar kwamfuta, RAD6000, mai aiki da manhajar VxWorks. Irin wannan kwamfuta ba ta da allo, ba ta da madannai. Aikinta ta karɓi awo daga kyamarori da na'urorin auna zafi, ta adana, ta ba da umarni cikin ƙayyadadden lokaci ba tare da jinkiri ba. 'Yan uwanta suna nan birjik a masana'antu da tashoshin wutar lantarki da na hasashen yanayi. Yawancinsu an tsara su ne a kan cewa in suka ci karo da babban kuskure, su kashe kansu su sake tashi.

Wannan dabarar ce ta zame wa Spirit tarko.

Duk lokacin da ta tashi, sai ta leƙa ma'adanarta ta dindindin mai megabait 256, ta kwafo jerin sunayen fayilolin da ke ciki zuwa ƙwaƙwalwar aiki. To, fayiloli sun taru tun tafiyar wata bakwai daga Duniya, kuma ko an goge fayil, gurbin sunansa yana nan a jerin. Jerin ya kumbura har ya cinye ƙwaƙwalwar. Kamar ɗan kasuwa ne da ba ya buɗe shago sai ya rubuta sunan kowane kaya a takarda ɗaya, takardar kuwa ta cika: ya yage, ya sake farawa, ta sake cika. Haka Spirit ta yi ta mutuwa tana tashi, sau fiye da 60. Ba ta barci da dare, batir yana ta zuƙewa.

Abin burgewa shi ne yadda injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya suka bi matsalar. Ba hannu za su kai ba, kuma kowane umarni sai ya yi kimanin minti 10 a hanya. Sai suka lura cewa motar tana jin umarni jefi-jefi, ke nan rediyo da wuta lafiya lau, cutar tana cikin matakan tashi. Daga nan suka umarce ta da ta tashi ba tare da taɓa ma'adanar ba. Ta tashi garau, ta kuma karɓi umarnin barci. Mataki ɗaya suka cire, mai laifi ya bayyana.

Ƙwararren mai gyaran irin waɗannan na'urori a masana'anta haka yake yi. Yakan tabbatar wuta tana isa, ya tayar da na'urar tsurarta, ya karanta saƙon da take fitarwa lokacin tashi, sannan ya riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa in masu ƙira ba su bar ƙofar tashi tsurara ba tun farko, kuma a nan ne maƙeran Spirit suka cancanci yabo.

An goge tarin fayiloli, aka wanke ma'adanar, aka kuma rage na tagwaiyarta Opportunity, wadda ta sauka ranar 25 ga Janairu ana tsakiyar wannan rikici. A farkon Fabrairu Spirit ta koma bakin aiki. Kwana 90 aka ɗiba mata, amma ta ci gaba da aiko bayanai har 22 ga Maris, 2010.