Tsutsar Ciki A Shanun Tatsa: Abin Da Ke Shanye Nono A Yakite

'Yan'uwa fatake, dillalai da mahauta, a wannan fitowa za mu ajiye zancen farashi da kuɗin mota, mu duba wata ɓarna wadda ba ta yin ƙara amma tana cin dukiya fiye da yadda ake zato. Ina nufin tsutsar ciki a shanun tatsa, musamman irin waɗanda ake ɗaurewa a bayan gida ko a ɗan shinge nan Yakite da sauran unguwannin Kilomita Biyar.

Kowa ya san yadda aka yi shanu suka matso gari. Tun rikicin 2013 da 2014 daji ya ƙi zaunuwa, kasuwar PK13 da muka sani ta zama labari, shanu suka riƙa zuwa a manyan motoci daga wajen Kaga-Bandoro da Bambari, daga baya aka kai kara Bubuyi, kilomita 45 a hanyar Bowali. A cikin wannan rikici ne kuma aka wawashe da yawa daga ɗakunan maganin ƙungiyar makiyaya ta FNEC, wadda a shekarun 1980 da 1990 ita ce ke kai wa Fulani magani har ruga. To, mai saniya biyu ko uku ya ga gara ya ɗaure su inda idonsa ke kai, yara su sha nono, uwargida ta sayar da kindirmo. Dabara ce mai kyau. Sai dai saniyar da ta saba yawo, yau nan gobe can, ta bar kashinta a baya, yanzu ga ta tana ci tana kwana a kan kashin nata, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Ga yadda abin yake. Uwar tsutsa tana zaune a cikin tumbi ko hanji tana zuba ƙwai, ƙwan ya fito tare da kashi. Idan ƙasa na da laima da ɗumi, cikin kamar mako guda ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa wadda ido ba ya gani, ta bi raɓa ta hau ciyawa, mafi yawa can ƙasa-ƙasa kusa da gindi. Saniya ta haɗiye ta, bayan mako uku zuwa huɗu ita ma ta girma ta fara nata ƙwan. Mafi mugunta a cikinsu ita ce 'yar siririyar nan ja da likitoci ke kira Hemonkus, wadda ke zama a ɗaki na ƙarshe na tumbi, wanda ke haɗe da hanji. Aikinta shan jini, kuma mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai a rana. Saniyar da ta tara ta za ka ga idonta ya yi fari idan ka buɗe fatar, gashi ya tashi, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, tana ci amma ba ta aukuwa, nonon da dama lita ɗaya ko biyu ne bayan maraƙi ya sha sai ya koma rabi. Akwai kuma wadda ke yin ƙulli-ƙulli a jikin hanji. Mahauta sun san ta, don ita ke sa a zubar da hanjin da ya kamata a sayar.

Yawancinmu a wurin iyayenmu muka koyi shanu, su kuma daga Kano, Katsina, Maraɗi ko Barno suka zo da saninsu. A can rani yana yin wata 7 ko fiye, rana ta gasa ƙasa, 'yan tsutsar da ke fili su mutu, wato Allah Ya yi wa makiyayi shara kyauta. Shi ya sa a Arewa idan aka ba shanu magani farkon damina da ƙarshenta, sau da yawa ya wadatar. Bangi ba haka take ba. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya kai wajen milimita 1,500, kusan ninki uku na Maraɗi, kuma ana yin sa tun daga Afrilu har Nuwamba. Ranin namu gajere ne, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu, ƙasar ma ba ta gama bushewa a kwari. Ka ɗora da cewa unguwar tamu a ƙasa-ƙasa take, magudanun ruwa irin wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar Yakite suna cikewa da shara su yi ambaliya cikin gidaje. Wanda ya ga yadda kogin Ubangi ya shigo gari a watan Oktoba na 2019 ba sai an yi masa bayanin laima ba. Saboda haka lissafin Arewa ba ya fita a nan, tsutsa tana haihuwa kusan duk shekara.

Wani zai ce ai tawa saniyar ba ta fita kiwo, ciyawa ake yanko mata. To daga ina ake yanko ta? Yaran da ke kawo dami a baro ko a babur ba tudu suke hawa ba, bakin kogin Mpoko da fadamu suke zuwa, inda ciyawa ta fi tsawo kuma inda shanun da aka sauke daga mota suke sha suna kashi. A irin wannan wuri ne ake ɗauko ciwon hanta. Ita matsattsakun hanta sai ta bi ta jikin wata 'yar katantanwa ta ruwa, ta fito ta manne a ciyawa ta jira. An yanko, an kawo maka har gida, ka biya kuɗinka ka sayo wa saniyarka cuta. Ba ta nuna kanta da wuri, sai bayan watanni, ranar da aka yanka a ga hanta ta yi tauri, jijiyoyinta sun yi fari sun cika da abin. Idan ba makawa sai ciyawar fadama, a bari raɓa ta bushe kafin a yanka, kada a yi mata aski har ƙasa, a shanya ta sosai a rana, sa'an nan a zuba ta a kwami ko a kan wani abu mai tudu. Shanyawa tana ragewa, ba ta kashewa duka. Zubawa a ƙasa inda ake taka kashi kuwa, wannan ganganci ne.

Inda na fi so mu tsaya shi ne wajen maruƙa, domin saniyar ƙasarmu ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Maraƙi ya mutu, tatsa ta tsaya, an yi biyu babu. Akwai wata farar tsutsa doguwa, wadda maraƙi ba a ciyawa yake samunta ba, a nonon uwarsa yake shan ta cikin kwanakin farko bayan haihuwa. 'Ya'yanta suna kwance a jikin uwar ba sa damunta, sai haihuwa ta zo su gangaro hantsa. Maraƙi ya kai mako uku ko huɗu sai ka ga ciki ya yi tulu, ga zawo mai wari, wani lokaci hanji ya toshe ya mutu. Wannan na cikin abin da Fulani ke kira goli. Maganinsa ba wuya: a ba maraƙin maganin tsutsa yana da kamar kwana 10 zuwa 16, kafin ta fara zuba ƙwai. Amma fa ba kowane zawo ne na tsutsa ba. Idan da jini a ciki, maraƙi yana yunƙuri kamar zai fitar da hanjinsa, sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ta daban mai suna koksidiya, wadda ke yaɗuwa inda dangwali ya daɗe a wuri ɗaya cikin caɓi. Ko buhun maganin tsutsa ka ba shi ba zai taɓa ta ba, nata maganin daban ne, irin su amfuroliyom da magungunan salfa. Kuma a riƙa hana ƙananan yara wasa a wurin maraƙi mai zawo, don akwai irin da ke kama mutum.

Sai batun magani, wanda a nan ne aka fi asarar kuɗi. Ƙwayar albendazol mai lamba 2,500 an yi ta ne don dabba mai kilo kamar 330 idan tsutsar hanji ake nufi, idan kuwa har da manyan matsattsakun hanta ne, kilo 250 kawai take ɗauka. Babbar jar saniyar Mbororo tana wuce kilo 300. Amma sai ka ga mutum ya karya ƙwaya biyu, ya ba wannan rabi ya ba waccan rabi, wai tattali. Masu rauni a cikin tsutsar su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, gobe ko cikakkiya ka bayar ba ta ji. An ga haka a ƙasashe da yawa, tun daga Afirka ta Kudu har Barazil. Kada kuma a ba saniya albendazol a farkon ciki, wajen kwana 45 na farko, yana iya lalata ɗan. Allurar ibamektin, wadda ake yi mililita 1 a kowane kilo 50, tana da kyau ga tsutsa da ƙwarin fata, amma ita kaɗai ba ta kashe na hanta, kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane, saboda tana daɗewa a nono har makonni. Sauran magungunan ma kowanne da kwanakin da aka rubuta a takardarsa na a daina shan nono. Na san zubar da nonon kwana uku yana da ciwo, amma wanda ya sayi kindirmon nan ɗan maƙwabcinka ne. Maganin da ya sha rana a kan tebur, ko wanda ba a san inda aka yi shi ba, ku bar wa mai shi kayansa. Sassaƙen maɗaci da kanwa da iyayenmu ke bayarwa ban raina su ba, kanwa tana buɗe wa dabba ci, amma saniyar da haɓarta ta riga ta kumbura ta wuce nan.

A lura kuma, a ƙasar nan mai ƙudan tsando, sammore ma yana sa farin ido da rama, kuma sau da yawa su biyun ne suke haɗuwa a dabba ɗaya. Ido kaɗai ba ya rabewa. A ɗebi ɗanyen kashi a leda a kai wa malaman dabbobi na ANDE su duba a madubin likita, in da hali a ɗebi jini ma. 

Mu 'yan kasuwa akwai namu kason a ciki. Saniyar da ta sauka daga mota ta sha yunwa da wahalar hanya, ga ta ɗauke da tsutsar wani gari, wataƙila ma irin wadda ta saba da magani. Idan ka saya don tatsa, ko ka sayar wa wanda zai tatsa, kada ta shiga cikin na gida ranar da ta zo. A ɗaure ta gefe, a kimanta nauyinta da gaskiya, a ba ta magani cikakke, a bar ta kwana 2 ko 3 ana kwashe kashinta. Shingen kuma a ɗaga shi da jar ƙasa ko tsakuwa yadda ruwa zai gangara, a kwashe kashi kullum safe a tara shi nesa da wurin ci, masu lambu suna nemansa da kuɗinsu. Ruwan sha ya zama na rijiya ko famfo a cikin rabin duro, ba na kududdufi ba, dangwalin maruƙa kuma a riƙa matsa shi zuwa busasshen wuri duk bayan 'yan kwanaki.